Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƙungiyar da ke ba mu hayar gidaje: a dakata da cire boila har sai an gyara na'urorin da aka riga aka sa

Zuwa ga Shugaba da mambobin kwamitin gudanarwa,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Bayan haka, ni ce sakatariyar ƙungiyar masu haya a rukunin gidajenku da ke wannan gari namu na arewacin Ingila, kusa da Manchester. Ina magana ne da yawun iyalan da kuka cire wa boilar gas, wato tukunyar da ke dafa ruwan ɗumama gida, a bazarar 2023 kuka sa musu na'urar da ke zuƙo zafi daga iska, wadda muke kira famfon zafi a tsakaninmu, da kuma maƙwabtanmu na dogon bene waɗanda ɗuminsu ke fitowa daga tukunya guda. A cikinmu akwai Turawa 'yan asalin garin da suka tsufa a waɗannan gidaje, akwai 'yan Pakistan da Somaliya, akwai mu Hausawa daga Najeriya da Nijar da Gana da Sudan. Na rubuta da Hausa ne domin da ita mata da yawa suka faɗa mini damuwarsu, kuma ina so su karanta su shaida cewa ban ƙara ba, ban rage ba. Za a kawo muku ta Turanci har ofis.

Takardu biyu da kuka aiko mana cikin mako guda su suka sa na ɗauki alƙalami. Ta farko amsa ce ga ƙorafin da muka shigar kan tsadar wuta, inda kuka ce na'urorin suna aiki yadda aka tsara su, kuma yawan kuɗin da muke biya daga yadda muke amfani da su ne. Ta biyu sanarwa ce cewa za ku shiga zango na biyu, ku cire boila a sauran gidajen da suka rage. Muna kukan targaɗe sai ga karaya. Gidajen da za a shiga yanzu su ne mafiya tsufa a rukunin, kuma su ne suka fi yawan tsofaffi da masu ƙananan yara.

Kafin in shiga ƙorafi, ina so ku san inda muka tsaya. Babu wanda ya zo taronmu ya ce a ci gaba da ƙona gas har abada. Mun san tun 2019 dokar Birtaniya ta ɗaure ƙasar da kawo ƙarshen hayaƙin da ke ɗumama duniya nan da 2050, mun kuma san burin gwamnati na ɗaga darajar gidajen haya irin namu zuwa matakin C a ma'aunin tattalin makamashi nan da 2030. Mu da muka fito daga bakin hamada ba ma buƙatar a yi mana lacca kan sauyin yanayi. A watan Satumban 2024 da ruwa ya shanye Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau, a cikin waɗannan gidaje naku aka kwana ana buga waya gida ana tara kuɗin agaji. A wannan watan ne kuma ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Zinder. Saboda haka da ma'aikatanku suka zo da takardu masu koren launi suka ce sabuwar na'ura za ta rage hayaƙi ta kuma rage mana kuɗi, da hannu biyu muka karɓa. Ni da kaina na bi ƙofa-ƙofa ina lallashin waɗanda ke ɗari-ɗari. Wannan abu yana damuna har yau, domin mutanen da na lallasa su ne yanzu ke tare ni a bakin shago da takardar bil a hannu.

Ƙorafinmu na farko lissafi ne, kuma ina roƙon ku bi shi da ni a hankali, domin duk sauran maganar a kansa take. Famfon zafi ba ya ƙona komai. Aikinsa irin na firiji ne aka juya shi: yana ɗebo ɗan zafin da ke cikin iskar waje, ko da ana sanyi, ya matsa shi, ya zuba a ruwan da ke zagaya radiyeta, wato ƙarfen da ke jikin bango yana ɗumama ɗaki. Lantarki ke tuƙa shi. Idan an sa shi daidai a gidan da ya dace, yunit ɗaya na lantarki kan ba da yunit uku ko fiye na zafi. Abin sha'awa ne, ban musa ba. Amma a ƙasar nan lantarki ya ninka gas kusan sau huɗu a farashi. A farashin da Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin makamashi, ta ƙayyade daga Oktoba zuwa Disamban 2024, matsakaicin yunit ɗin lantarki kwabo 24.5 ne, na gas kwabo 6.24. Boila mai lafiya tana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na gas ɗinta zafi, wato yunit ɗaya na zafi yana tsaya wa mai haya kusan kwabo 7. Kafin famfon zafi ya kamo wannan farashin, sai ya ba da yunit uku da rabi a kan kowane yunit ɗaya da ya ci. In uku yake bayarwa, zafin ya haura kwabo 8. In ya sauko biyu, ya haura kwabo 12.

A ɗauki gidan da Ofgem ke kira matsakaici a lokacin, mai shan yunit 11,500 na gas a shekara, galibinsa a ɗumama ɗaki da ruwan zafi. A wancan farashin, gas ɗinsa ya kama kusan fam 718. In aka ba shi famfon da ke ba da biyu kacal, zafi iri ɗaya zai ci masa kusan fam 1,268. Bambancin ya kai fam 550 a shekara, kuma ba a rarrabe yake zuwa ba, a tsakanin Nuwamba da Maris yake sauka a kan mutum gaba ɗaya. Mun san ba ku kuka sa farashin lantarki ba, mun kuma san yawancin harajin muhalli a kan bil ɗin lantarki gwamnati ta daɗe tana ɗora shi maimakon na gas. Amma kun san da wannan rata a lokacin da kuka yanke shawara. Wanda ya san haka, wajibinsa ne ya tabbatar kowace na'ura da ya sa tana aiki a ƙololuwar ƙarfinta. Har yau babu wanda ya auna ko ɗaya daga cikin namu. Kun rubuta cewa suna aiki yadda aka tsara su, alhali ba ku da adadi ko guda a hannu da zai nuna haka.

Na biyu, jikin gidajen. Boila tana tura ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70, shi ya sa ƙaramar radiyeta ke iya ɗumama ɗaki ko da sanyi na shigowa ta ƙasan ƙofa. Famfon zafi kuwa ya fi tattali ne a digiri 35 zuwa 45. Ruwa mai wannan ɗumi-ɗumin ba zai ishi ɗaki ba sai radiyeta ta yi girma, bango da rufi kuma an yi musu shimfiɗar tare sanyi. A lokacin da aka yi mana aikin, ƙa'idar asusun gwamnati na rage hayaƙi a gidajen haya na jama'a ma ita ce a fara da jikin gini kafin a taɓa na'ura. A wurinmu aka fara da na'ura. A yawancin gidajen, tsofaffin radiyeta aka bari. Tagogin da robarsu ta mutu suna nan. A ɗakin 'ya'yana, in kika sa hannu a gefen taga cikin dare za ki ji iska na busowa kamar an bar ta a buɗe.

Da muka fara kukan sanyi a hunturun farko, ɗan kwangila ya zagayo ya ɗaga zafin ruwan zuwa digiri 55 a gida bayan gida. Ɗakuna suka ɗan yi dama, kiran waya ya ragu a ofishinku, aka rubuta cewa an magance. Sai dai duk injiniyan da ya san na'urar zai gaya muku cewa gwargwadon ɗaga zafin ruwan, gwargwadon faɗuwar tattalinta. Ƙorafin ya tashi daga teburinku ya koma cikin mitarmu.

Bari in ba ku labarin gidana, domin abin da aka gano a can muna zargin yana nan a wasu gidajen. Mitar kati gare ni. Lokacin boila, a tsakiyar hunturu nakan zuba kusan fam 35 a mako tsakanin gas da lantarki. A Janairun 2024 na kai ina zuba sama da fam 70, kuma bai hana mita yin ƙara kafin mako ya zagayo ba. Wani dare wajen ƙarfe biyu wuta ta ɗauke, ɗan rancen gaggawa da mita ke bayarwa ma ya ƙare. Ƙaramar 'yata mai ciwon asma ce. Na naɗe ta da barguna biyu, na zauna da fitilar waya ina sauraron numfashinta, mahaifinsu kuma yana wurin aikin dare. Da asuba na sa rigar sanyi a kan kayan barci na tsaya a ƙofar shago har aka buɗe. Na yi ta zargin kaina a lokacin. Na hana yara daɗewa a wanka, na rage girki a oven, na cire duk wata caja daga bango. Mita ba ta sassauta ba.

Sai bayan watanni, ɗan wata maƙwabciya da ke koyon aikin lantarki a kwaleji ya leƙa ƙaramin ɗakin da tankin ruwan zafi yake. Ya nuna mini wani makunni mai jan haske a bayan tankin, wanda ban taɓa sanin amfaninsa ba. Hitar cikin tanki ce. An sa ta ne don ta taimaka jefi-jefi, musamman lokacin da ake ɗaga zafin ruwa zuwa digiri 60 don kashe ƙwayoyin cuta. Tun ranar da aka haɗa na'urar aka bar ta a kunne. Ita wannan hita yunit ɗaya take ci ta ba da ɗaya, wato duk ruwan wanka da na wanke-wanke da na alwalar gidana, a kan cikakken farashin lantarki nake dafa shi, ninki uku da rabi na abin da gas ke ci, famfon da aka sa don wannan aikin yana waje yana kallo. Yaron bai taɓa komai ba, ya ce ba huruminsa ba ne. Na kira ofishinku, aka ɗauki makonni uku kafin a turo wanda ya gyara saitin cikin minti goma. Babu wanda ya ba ni haƙuri, babu wanda ya yi zancen kuɗin da ya tafi. Wannan ne kuke kira yadda muke amfani da na'ura?

Na uku, ba a koya mana komai ba. Ranar da aka gama aiki aka ajiye mana littafi mai kauri na Turancin injiniyoyi a kan tebur, aka nuna mana wani ɗan allo a bango aka ce kada mu taɓa. Mun saba da boila: ka dawo gida ka kunna, cikin rabin awa ɗaki ya yi ɗumi, ka kashe in za ka fita. Famfon zafi ba haka yake so ba. Ya fi tattali in an bar shi yana aiki a hankali tsawon yini, domin in gida ya huce sai ya yi awoyi yana fama kafin ya dawo da shi. Babu wanda ya zauna ya yi mana wannan bayani. Ko da an yi ma, ku yi tunanin uwar da fam 6 ya rage mata a mita, albashi sai Juma'a, a ce mata ta bar na'ura a kunne dare da rana. Ba za ta iya ba, sai in ta ga a zahiri cewa hakan ya fi sauƙi, kuma a gidan da ke zubar da zafi ta taga da rufi ba lallai ya fi ba.

Akwai wata dattijuwa da muke kira Inna, ita kaɗai take zaune tun rasuwar maigidanta. Ta kashe na'urarta daga bango tun hunturun farko, bayan bil ɗin da ya firgita ta. Ta sayi ƙaramar hita mai fanka, irin wadda ke cin yunit biyu a awa, wato kusan rabin fam duk awa guda. Takan kunna ta kaɗan da safe, kaɗan da dare, a kicin. Ruwan alwala a buta take dafawa. Da rana tana tafiya ɗakin karatu na gari ta zauna har a tashi, ba don karatu ba, don ɗumi. Ranar da na kai mata abinci na tarar da ita a kan sallaya da safar hannu, ma'aunin bangonta yana nuna digiri 12. Hukumomin lafiya na ƙasar nan digiri 18 suke ba da shawara a matsayin mafi ƙaranci, musamman ga tsofaffi da marasa lafiya. Na roƙe ta ta kunna, ta ce: "'Yar nan, gara sanyi da bashi. Ban taɓa kwana da kuɗin wani a kaina ba, ba zan fara da tsufana ba." A rajistarku, gidan Inna yana cikin waɗanda aka yi nasarar sauya wa tsarin ɗumama.

Akwai kuma ƙaramin abu da ke cin mutane a ɓoye. An yanke gas a gidaje da dama amma ba a cire mitar ba, don haka kuɗin kullum da ake cira ko an yi amfani ko ba a yi ba yana ta taruwa. A farashin ƙarshen 2024 ya kusa kwabo 32 a rana, sama da fam 115 a shekara, a kan bututun da ba ya kawo komai. Wasu sai da takardar bashi ta zo suka sani.

Na huɗu shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali. Gidan da ba a ɗumamawa yana jiƙa. Numfashi da tururin girki da shanyar cikin ɗaki, tunda a nan babu ranar da za ta busar da kaya a hunturu, duk suna kwanciya a kan bango mai sanyi, daga nan sai baƙar fumfuna. Ta fito a bayan gadaje, a kusurwar rufi, a cikin durowar kaya. Ranku ya daɗe, Rochdale ba ta da nisa da mu. A can Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Disamban 2020, kuma binciken da aka kammala a Nuwamban 2022 ya tabbatar cewa fumfunar gidan hayarsu ce ta yi ajalinsa. Iyayensa sun yi ta kai ƙara, aka ɗora laifin a kan yadda suke rayuwa, har da zato kan yadda suke wanka. Tun a 2021 ofishin sauraron ƙorafin masu haya na ƙasa ya gargaɗi masu gidaje su daina jingina danshi da fumfuna ga salon rayuwar mai haya. Da muka karanta jimlar da ke cikin takardarku, wannan yaron ne ya faɗo wa yawancinmu a rai. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a ranar 27 ga Oktoban 2025: haɗarin gaggawa a duba shi cikin awa 24, danshi da fumfuna mai tsanani a bincika cikin kwanakin aiki goma. Za ku iya turo mai fenti ya wanke bango ya shafe, amma muddin iyali ba za su iya biyan kuɗin ɗumama gidan ba, kafin wata biyu ta dawo.

Gyara ma abin magana ne. In na'ura ta tsaya, sau da yawa wanda ake turowa aikin gas ya sani, sai ya duba ya ce za a turo wani. A tsakani a ba mu hitoci masu fanka guda biyu, mu ke biyan wutar da suke ci, ko da jiran ya kai mako biyu.

Maƙwabtanmu na dogon bene matsalarsu daban ce, amma tushen ɗaya ne. Su ba su da na'urar kansu, daga ɗakin injin da ke ƙasa ake turo ruwan zafi zuwa kowane gida. Ba su da ikon canza kamfani, kuma ƙayyade farashin da Ofgem ke yi tun Janairun 2019 bai shafi zafin da suke saya ba, domin a farashin 'yan kasuwa ake sayen makamashin da ke tuƙa injin, sannan a raba musu kuɗin. Duk wanda ya hau benen zai ji barandar ciki da zafi har a buɗe taga a watan Janairu, saboda bututun da ba a naɗe da kyau ba. Wannan zafin da ke tsiyaya yana cikin bil ɗinsu. Tun 2018 hukumar kula da gasa a kasuwanni ta ba da shawarar a sa ido kan irin wannan tsari, dokar makamashi ta 2023 ta ɗora wa Ofgem aikin, kuma daga Afrilun 2025 masu irin wannan ɗumi suna iya kai ƙara ofishin sauraron ƙorafin makamashi. Sau uku mazauna benen suka nemi ku nuna musu yadda ake lissafa kuɗinsu, ba a amsa ba.

Ga abin da muke nema.

Ku dakatar da zango na biyu. Ba mu ce a soke shi ba. A jinkirta har sai an gyara gidajen zango na farko, an kuma ga bil ɗinsu na cikakken hunturu guda. In aka ci gaba a haka, tsofaffi irin Inna za a ƙara.

Ku ɗauko injiniya mai zaman kansa, wanda ba shi da alaƙa da kamfanin da ya yi aikin, ya shiga kowane gida. Ya auna zafin da kowane ɗaki ke zubarwa, ya duba ko radiyeta ta isa, ya duba zafin ruwan da aka saita, ya tabbatar na'urar tana daidaita kanta da sanyin waje, ya leƙa hitar cikin tanki. A ba mai haya sakamakon a rubuce. A fara da gidajen tsofaffi, da masu jarirai, da masu ciwon numfashi, kuma a fara yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A wasu gidajen a maƙala mitar da za ta nuna zafin da na'ura ta bayar da lantarkin da ta ci, a riƙa sanar da mu adadin duk wata. In ya nuna mu ke da kuskure, za mu karɓa mu gyara.

Inda aka ga bango ko rufi ko taga ne ke zubar da zafi, a yi wannan aikin kafin komai, a canza radiyetar da ta yi ƙanƙanta, sannan a sauko da zafin ruwan. Inda kuma aka tabbatar kuskuren haɗawa ko na saiti ne ya jawo tsada, ku biya mai haya bambancin tun daga ranar da aka sa na'urar, ku kuma biya kuɗin wutar hitocin wucin gadi na duk ranar da aka yi ana jiran gyara. Akwai iyalan da suka ci bashi a wurin kamfanin lantarki da wurin dangi saboda wannan, akwai waɗanda kuɗin hayarsu ya maƙale. Muna roƙon kada a aika wa kowa takardar barazanar tashi kan bashin haya har sai an duba gidansa.

Ku ware ma'aikaci guda da zai zauna da kowane iyali ya taimaka a cire mitar gas da ba a amfani da ita, a duba ko tsarin biyan lantarki mai rahusa a wasu awoyi zai amfane su, a tabbatar masu haƙƙi sun samu rangwamen fam 150 na hunturu, a kuma sa tsofaffi da marasa lafiya a rajistar waɗanda kamfanonin makamashi ke bai wa fifiko. Koyarwa kuma a yi ta a cikin gida, a gaban allon, da harshen da mai gidan ke ji. Yawancin masu yini a gida mata ne, wasu ba sa sakin jiki su yi tambaya in baƙon namiji ne ya shigo, don haka a haɗa da mata cikin masu koyarwar. Muna da masu sa kai da za su yi tafinta da Hausa da Urdu da Somaliyanci da Larabci, su kuma naɗi bayanin a murya a tura ta WhatsApp ga waɗanda karatu ke yi wa wuya. Ba ma neman ko kwabo a kan wannan.

Mutanen dogon bene a nuna musu farashin da kuke sayen makamashi, da adadin zafin da ke fita daga ɗakin inji, da wanda ke isa gidaje. A naɗe bututun baranda. Gwamnati tana da tallafi na musamman don inganta irin wannan tsohon tsarin, ku nema, ku gaya mana ranar da kuka nema.

Sannan ku janye jimlar nan da ta ɗora mana laifi, a rubuce, kamar yadda kuka aiko ta a rubuce. Ta yi wa mutane ciwo fiye da yadda kuke zato. Matar da ta hana 'ya'yanta ruwan zafi don ta tsimi wuta, ba ta cancanci a ce mata ita ce ba ta iya ba.

Mun shigar da wannan wasiƙa a matsayin ƙorafi na hukuma. Ƙa'idar sauraron ƙorafi da ta zama doka a Afrilun 2024 ta ba ku kwanakin aiki goma ku amsa a mataki na farko, ashirin a na biyu. Za mu jira. In amsar ba ta zo ba, ko ta zo irin ta baya, za mu wuce ofishin sauraron ƙorafin masu haya na ƙasa, mu kuma kai wa kansilolinmu da ɗan majalisarmu kwafin bil ɗin da muka tara. Ba haka muke so ba. Da yawanmu mun shekara goma, wasu ashirin, a gidajenku, kuma mun ga alherinku a wasu lokutan, ba mu manta ba.

Taronmu na gaba ranar Asabar ta farko ta wata mai kamawa ne, ƙarfe biyu na rana, a zauren unguwa. Muna gayyatar Shugaba da kansa, tare da mai kula da gine-gine da mai kula da kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka bayan taro iyalai biyar sun yarda ku shiga gidajensu ku duba mita da tanki da bayan gado da idonku. Inna ma ta yarda, ta ce a zo bayan la'asar, lokacin ta dawo daga ɗakin karatu.

Taku cikin girmamawa,
Sakatariyar ƙungiyar masu haya, a madadin mazauna rukunin